Yadda Masana Ke Gano Asalin Giyar Shampen

A ƙasar Faransa doka ta hana a kira giya mai kumfa da sunan Shampen sai wadda aka yi da inabin lardin Shampen. Da yake tana da tsada ƙwarai, 'yan damfara kan liƙa sunan a kwalabar giyar wani wuri. To, yaya za a kama su?

Shaidar tana cikin giyar kanta. Sinadari guda yakan zo da ƙwayoyin zarra masu nauyi dabam-dabam, waɗanda masana ke kira aisotof. Ruwan saman ƙasashe masu zafi ya fi na ƙasashe masu sanyi yawan oksijin mai nauyi, itacen inabi kuwa ruwan wurinsa yake sha. Yakan kuma tsotso sinadarin sitirontiyom daga ƙasa, kowane irin dutse da nasa awon.

Tun shekarar 1991 ƙungiyar ƙasashen Turai take tara awon inabin gonakinta kowace shekara, domin yanayin ruwa yana sauyawa. In an yi shakkar wata kwalaba, sai a gwada awonta da na wuri da shekarar da ke rubuce a jikinta. In sun saɓa, asirin ɗan kasuwa ya tonu.