Kwaikwayon Aikin Magabata Ba Sata Ba Ne

Matasan Lafia da yawa sun iya zana fuska da fensir, har ka gane mutum da kallo ɗaya. Amma da an miƙa musu fentin mai sai hannu ya rikice, fuskar ta fito kamar an yaɓa mata laka. Maganin wannan tsoho ne: ka sami aikin wani gwani na dā, ka zauna ka kwaikwaye shi.

Kada kowa ya ji kunyar haka. Aina Onabolu, wanda aka haifa a Ijebu-Ode a 1882, da kwaikwayon hotunan littattafai da mujallun Turawa ya koya wa kansa zane, kafin ya tafi karatu Landan a 1920. A gidan tarihi na Louvre da ke Faris ma, har gobe ana barin masu koyo su kafa allonsu gaban zanen magabata.

Shawarata a fara da Rembrandt na Holan, musamman zanensa na 1661 na wasu 'yan Afirka biyu, domin a ciki za ka ga yadda haske ke sauka a kan baƙar fata. Buga hoton babba a takarda, ka daina dogara da fuskar waya. Fara da ruwan ƙasa kaɗai, tsararo, ka raba inda haske yake da inda inuwa take. Bar shi ya bushe. Sai launuka su biyo baya, kowane shafi ya fi na ƙarƙashinsa mai. Wanda ya juya wannan ƙa'ida, zanensa zai tsattsage bayan wani lokaci. A nan ake gane mai haƙuri, don fentin mai yakan ɗauki kwanaki bai bushe ba, kuma ƙurar hunturu ba ta raga wa ɗanyen fenti. A jingina allon yana fuskantar bango, a kuma bar taga buɗe lokacin aiki saboda warin sinadarin tsinka fenti.

Sai dai akwai iyaka. Rubuta a bayan allon cewa kwaikwayon aikin wane ne. Kuma aikin wanda bai daɗe da rasuwa ba, kamar Ben Enwonwu da ya rasu a 1994, yana ƙarƙashin kariyar doka har shekara 70 bayan rasuwarsa. Ka koya da shi a ɗakinka, amma kada ka kai shi kasuwa.

In hannunka ya faɗa, ajiye Rembrandt, ka roƙi kakarka ko mai shayin unguwarku su zauna maka.