Funfuna a ɗakin 'yan tsaki

Funfuna wata halitta ce da ke tsirowa kan abin da ya jiƙe bai bushe ba, kamar hatsi, dusa da shimfiɗar ɗakin kaji. Tana yaɗuwa ta wasu ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, waɗanda iska ke ɗauka. A ƙasar Gumel, wato ƙananan hukumomin Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar na jihar Jigawa, rani ya fi damina tsawo, don haka matsalar ta fi tsananta daga Yuli zuwa Satumba. Amma ko da hunturu takan bayyana, lokacin da masu kiwo ke rufe tagogi da leda ko buhu don tsaki su ji ɗumi.

Cutar huhu

Nau'in da ya fi kashe 'yan tsaki shi ne Aspergillus fumigatus. Yana son ɗumi, kuma a makon farko ana riƙe ɗakin tsaki a kan digiri 32 zuwa 35 na ma'aunin Celsius. Da zarar ruwan sha ya zube a kan buntun shinkafa ko garin katako, ta sami wurin zama. Tsako yakan shaƙi ƙwayoyinta, su tsiro a huhunsa da jakunkunan iska. Sai ya riƙa miƙa wuya, baki buɗe yana haki, ya daina cin abinci. Idan aka feɗe wanda ya mutu akan ga ƙananan ƙulli masu launin fari ko rawaya a huhu. Waɗanda ba su kai mako 3 ba ne suka fi mutuwa, wani lokaci ma tun daga injin ƙyanƙyasa suke kamuwa.

Cutar ba ta tsallakawa daga tsako zuwa tsako, shimfiɗa ɗaya ce ke harbinsu duka. Magungunan bakteriya da ake zuba wa kaji a ruwa ba sa kashe funfuna, sayen su asarar kuɗi ce kawai.

Guba a abinci

Aspergillus flavus kuwa masara da gyaɗa yake kamawa, yana fitar da gubar aflatoksin mai lalata hanta. An gano gubar bayan talo-talo kusan 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 saboda tunkuzar gyaɗa da aka shigo da ita daga Brazil. Shanya ko dafawa ba sa kawar da ita.

Kariya

Ana kwashe shimfiɗar da ta jiƙe nan take, musamman ƙarƙashin kwanon ruwa. Idan aka dunƙule shimfiɗa a hannu ta cure ba ta warwatse ba, danshinta ya yi yawa. Ana barin kafar iska a saman ɗaki ko da sanyi, a ɗora buhunan abinci a kan katako nesa da bango. Kafin a zuba sabbin tsaki, ana wanke ɗakin a bar shi ya bushe sarai.