Kalmomin Neman Ɗauki a Bakin Masu Turanci

A ƙasashen da ake magana da Turanci, neman agaji yana da tsayayyun kalmomi, kuma kowace da matsayinta. Babbar cikinsu ita ce "emergency", wadda ake furtawa idan rai na cikin haɗarin da ba ya jira. Ƙasa da ita akwai "urgent", wato abin da ke son hanzari amma bai kai ga fargabar mutuwa ba. Ma'aikatan agaji sun fi kasa kunne ga wannan bambanci fiye da ƙarfin kuka, domin da shi suke tantance wanda za a fara kai wa ɗauki.

Birtaniya ce ta fara ware gajeriyar lambar waya don wannan aiki. An buɗe 999 a Landan a 1937, bayan gobarar da ta halaka mata biyar a wani gida a titin Wimpole a 1935, inda maƙwabcin da ya nemi 'yan kwana-kwana ya yi ta jiran layi. Amurka ta biyo baya da 911 a 1968, kuma daga garin Haleyville na jihar Alabama aka yi kiran farko. Ostireliya na amfani da 000, Najeriya kuwa 112, kamar Tarayyar Turai. A kan waɗannan layuka ba a gaisuwa, ba a tambayar gajiya. Mai ɗaukar waya a Birtaniya yakan tambayi sashen da ake so: 'yan sanda, motar asibiti ko 'yan kwana-kwana. A wurare da dama a Amurka adireshi ake fara nema, saboda ko layi ya tsinke an san inda za a dosa.

A teku da sararin sama tsarin ya fi tsauri. An amince da SOS a wani taro da aka yi a Balin a 1906 don sauƙin bugawa a wayar tangaraho: ɗigo uku, zare uku, ɗigo uku. Da aka koma magana da baki ta rediyo, wani jami'in filin jirgin sama na Croydon mai suna Frederick Mockford ya kawo "mayday" a farkon shekarun 1920. Daga Faransanci ya aro ta, da ma'anar a taimake ni, don yawancin jiragen lokacin tsakanin Landan da Faris suke kai-komo. Sau uku ake faɗinta a jere don kada a ɗauka zance ne kawai, kuma da zarar an ji ta sauran masu magana a tashar sukan yi shiru. Idan matsalar ba ta kai ga rai ba, kamar lalacewar wata na'ura, "pan-pan" ake cewa, ita ma sau uku.

Rashin furta kalmar da ta dace ya taɓa jawo asarar rayuka. Ranar 25 ga Janairun 1990, jirgin Avianca mai lamba 52 da ya taso daga Kolombiya ya shafe fiye da awa guda yana shawagi kafin a ba shi damar sauka a New York. Matuƙin ya umarci mataimakinsa da harshen Sifaniyanci ya sanar cewa suna cikin halin gaggawa. Mataimakin ya gaya wa masu kula da zirga-zirgar jirage cewa mai yana ƙare musu, tun da farko ma ya nemi a ba su fifiko, amma bai taɓa cewa "mayday" ko "emergency" ba. Na ƙasa ba su fahimci girman lamarin ba. Man ya ƙare, jirgin ya faɗi a Cove Neck, mutum 73 cikin 158 suka rasu.

Wani abin da ke rikita baƙo shi ne ɗabi'ar Turawan Ingila ta ƙanƙanta masifa a baki. A 1982 injina huɗu na wani jirgin British Airways suka mutu gaba ɗaya bayan ya shiga tokar dutse mai aman wuta na Galunggung a Indunusiya. Kyaftin Eric Moody ya shaida wa fasinjoji cewa an sami 'yar ƙaramar matsala, duka injina huɗu sun tsaya. Wannan salo yana kwantar da hankalin jama'a, amma bai dace da mai neman ɗauki ba, kuma matuƙan sun san haka: sun riga sun aika "mayday" zuwa Jakarta, inda daga baya suka sauka lafiya.

Asibitoci da hukumomin yanayi ma suna da nasu kalmomin. A asibitocin Amurka da yawa "code blue" na nufin zuciya ko numfashin wani ya tsaya. A sanarwar guguwa, "watch" na nufin a zauna cikin shiri, "warning" kuwa a nemi mafaka yanzu.

Masu koyar da taimakon farko sukan hana a yi wa taron jama'a ihun a kira motar asibiti, don kowa zai zaci wani ya kira. Ana nuna mutum ɗaya da yatsa a ce shi ya buga waya. Matafiyin da ya sami kansa a irin wannan hali, ko Turancinsa kaɗan ne, ya fara da inda yake, sannan abin da ya faru da yawan waɗanda suka jikkata, kuma kada ya kashe wayar sai an ce ya kashe.