Giwan Ruwa

Wanda ya hau Goron Dutse da damina ya dubi cikin birni zai hango ruwa nan da can, amma duk kududdufai ne, ramukan da kakanni suka haƙa don ƙasar gini. Tarwaɗa na rayuwa a cikinsu, domin Allah ya hore mata shaƙar iska kai tsaye idan ruwa ya gurɓace. Gaiwa ma kan binne kanta a taɓo ta jira wata damina. Giwan ruwa ba ya wannan haƙuri. Shi sai ruwa mai zurfi da wadatar iska, in babu ya mutu. Kifin fadama ba ya gasa da na gulbi, shi ya sa Bakano ya fi sanin giwan ruwa a faranti, yanka-yanka, bayan ya sha hanya daga Yawuri ko Baga, ko kuma daga Tiga, dam ɗin da aka kammala a 1974 zamanin Audu Baƙo.

Wanda bai gan shi ɗungurungum ba bai san shi ba. Jikinsa fari ne mai sheƙin azurfa, bayansa ya ɗan yi duhu, ga tozo, ga baki wangame, leɓen ƙasa ya ɗara na sama. Idonsa baƙi ne wuluk, da zobe ruwan ɗorawa kewaye da shi, yana ƙyalli idan haske ya doke shi cikin dare. Yana iya kai mita 2 a tsawo, nauyinsa ya doshi kilo 200, kuma manyan nan da ake labari galibi mata ne. Da ƙuruciya yana fakewa cikin ciyayin gaɓa yana cin ƙwari da 'yan halittun ruwa. Da ya tasa sai ya nufi zurfi ya koma farauta: ƙarfasa, kurungu, har 'ya'yan jinsinsa. Ba ya tauna. Buɗe baki yake yi farat ɗaya, ruwa da abin da ke cikinsa su afka ciki. Kifi a ruwa sarki ne, in ji Hausawa, to wannan shi ne sarkin da sauran ke gudu.

Mutanen Masar na dā sun girmama shi har suna yi masa likkafani su binne a garin Esna. Sarkawanmu ba su kai nan ba, amma su ma ba sa shiga ruwa da garaje. A Argungu, inda bikin kamun kifi ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, sai Sarkin Ruwa ya yi abin da ya gada ya ba da izini kafin dubban masunta su ruga kogin Matan Fada da homa da gora. A bikin 2020 kifin da ya zo na ɗaya kilo 78 ne. Jama'a na tafa wa wanda ya cicciɓo shi, ni kuwa abin da ya fi burge ni shi ne dokar da ta hana kamun kifi a wannan gurbi a sauran watannin shekara. Kifi ba ya kai wannan girma sai an ƙyale shi ya shekara, ya sake shekara.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan game da sauran ruwayenmu. Kifi na ganinka mai jar koma, amma yau ina zai ga mai tarun da idonsa bai fi na gidan sauro ba? Ana kwashe 'ya'yan giwan ruwa tun ba su kai tafin hannu ba, a shanya su tare da tarkacen ƙananan kifi, a auna a kwano. Wasu ma maganin ƙwari suke zubawa. Masunci ba mugu ba ne, iyali ke jiransa a gida, kuma rikicin Boko Haram ya kori da yawa daga Tafkin Cadi suka cunkushe a inda ya rage. Duk da haka masunta, mai kalli da mai mamari da mai birgi, sun san babban kifi ya yi wuya.

A gabashin Afirka labarin ya juya. Turawan mulkin mallaka sun saka giwan ruwa a Tafkin Biktoriya a shekarun 1950, inda ba gidansa ba, ya cinye ƙananan kifaye har kusan jinsi 200 suka ɓace. Yanzu ana fere tsokarsa a masana'antu a kai Turai, jakar iskar cikinsa kuma a busar a sayar wa 'yan kasuwar Sin da tsada. A Kwara da Binuwai da Cadi kuwa tun fil azal yake zaune da tsage da ragon ruwa, kowa ya san iyakarsa.

A unguwannin Kano yau tarwaɗar kiwo da kifin ƙanƙara ne suka cika tukwane, giwan ruwa ya koma na farfesun manya da gidajen abinci. Uwar gida takan taya, ta ji kuɗin kilo, ta ce wa mai kifi, “Malam, auno mini tarwaɗa kawai.”