Ko Kun Sani? Lissafin Bugun Ƙasa da na Cikin Wayarku

Mai bugun ƙasa, kamar yadda aka san shi a ƙasar Zazzau, yakan zuba ɗigo-ɗigo a kan rairayi, ya bi su yana sharewa bibbiyu har ya rage ɗaya ko biyu. Layi huɗu ne ke ba da siffa guda, shi ya sa siffofin ba sa wuce 16. In zai haɗa siffa biyu kuwa, ɗaya da ɗaya su ba shi biyu, biyu da biyu ma haka, ɗaya da biyu su ba shi ɗaya. Malaman addini sun yi hani da duba, amma lissafin da ke ciki abin a tsaya a lura ne, domin da wannan ƙa'idar kwamfuta ke tara lamba.

Kamar ɗaya da biyu na bugun ƙasa, kwamfuta ma da alama biyu take aiki: 0 da 1. Bajamushe Leibniz ya yi bayanin ƙidaya da 0 da 1 kaɗai a 1703. A 1854 George Boole, mutumin Ingila, ya mayar da "gaskiya" da "ƙarya" lissafi. Sai a 1937 Claude Shannon, ɗalibi a jami'ar MIT ta Amurka, ya nuna makunnin lantarki zai iya wannan aikin: a kunne 1, a kashe 0.

Wayar da dillalin rake ke ciniki da ita a Makarfi, da na'urar POS a kasuwar Ikara ko Kudan, cike suke da irin waɗannan makunnai, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Takwas daga cikinsu sun isa su riƙe lambobi daga 0 zuwa 255.