Yawan Wat Ba Shi Ne Daɗin Sauti Ba

Mai sayen na'urar kiɗa ta sitiriyo karo na farko yakan ruɗu da lambar da ke jikin kwali, kamar "wat 2,000 PMPO". Wannan lamba ta talla ce, babu tsayayyar ƙa'idar auna ta. Abin dubawa shi ne RMS, wato ƙarfin da amfilifaya ke iya bayarwa a kai a kai.

Kunnen ɗan Adam kuwa ba ya lissafi irin na ɗan kasuwa. Idan aka ninka wat sau biyu, ƙara takan haura da desibel 3 kacal. Sai an ninka ƙarfin sau 10 kafin mai sauraro ya ji kamar ƙarar ta ninku. Don haka wat 20 zuwa 30 a kowane ɓangare sun wadaci madaidaicin ɗaki, sauran duk asarar kuɗi ce.

Inda kuɗi ke amfani shi ne lasifika, domin a nan ne wutar lantarki ke komawa motsin iska, a nan ne kuma sauti ya fi gurɓata. Ko da rabin kuɗin aka kashe kan lasifikoki biyu nagari, ba a yi ɓarna ba. Wayar haɗi mai tsada dai ba ta ƙara komai. Ta jan ƙarfe mai kauri ta isa.