Sarkin Dara Ba A Cinye Shi, Amma Sarakunan Samarra Fa?

Duk wanda ya karanta Risala a zaure zai tuna inda Ibn Abi Zaid ya ce bai halatta a buga shaɗaranji ba. To shaɗaranjin nan shi ne darar da ake kira ces a yau, mai gida 64, kowane ɓangare da 'ya'ya 16. Daga Indiya ta taso, ta bi ta Farisa ta shigo hannun Larabawa.

Abin da ya ja hankalina game da ita ƙa'idoji biyu ne. Ba a taɓa cinye sarki, da zarar an rutsa shi ya rasa mafita wasa ya ƙare. Sannan babu ɗan da zai juyo ya ci sarkin ɓangarensa. A fadar Abbasiyawa da ke Samarra, a Iraƙin yau, an iya wasan sosai, amma duka ƙa'idojin biyu an take su.

Halifa Mutawakkil ne gwanayen zamanin, Adli da Razi, suka kara a gabansa. A shekarar 861 ta Miladiyya dogaransa Turkawa suka faɗo masa da dare suka kashe shi tare da amininsa Fatahu ɗan Haƙan. Masu tarihi da yawa sun ce da sanin ɗansa Muntasir aka yi.

Ba a jima ba rigimar gado ta ɓarke tsakanin wani ɗan nasa, Mu'utazzu, da Musta'in. Kakansu ɗaya, Halifa Mu'utasim. Aka yi wa Bagadaza ƙawanya kusan shekara guda, a farkon 866 Musta'in ya sauka bisa alkawarin za a bar shi da ransa. Kafin shekarar ta fita an kashe shi. Ɗabari ya kawo cewa lokacin da aka shigo da kansa, Mu'utazzu na tsakiyar shaɗaranji. Ya ce a ajiye gefe, sai da ya kammala wasan sannan ya duba. Jama'a, kan ɗan'uwansa fa!

Shi ma bai more ba. A 869 sojojin suka zo neman albashinsu, baitulmali kuwa wayam. Suka jawo shi waje, suka doke shi, suka tsayar da shi a rana, ya sauka dole. Bayan 'yan kwanaki ya rasu a tsare, yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai.

Ni dai ban ɗora laifin a kan allon dara ba. Abin lura shi ne, cikin ukun nan babu wanda Rumawa suka kashe a fagen daga. Dogari ne, da ɗan'uwa, da ma'aikacin da aka riƙe wa haƙƙi.

Mu da muke fatauci a ƙasashen mutane, kullum idonmu na kan kwastan, canjin kuɗi da abokin gasa. Amma sau nawa muka ji shago ya rushe saboda yaron da ya yi shekaru ba a sallame shi ba, ko ƙanin da aka yi wa alkawarin kaso aka saɓa, ko gadon da aka ƙi rabawa? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Saboda haka Alhaji, Hajiya, kafin a zauna dara da yamma, a buɗe littafi a duba haƙƙin wa ya rage a hannu. Allah Ya tsare mu da cin amana.